Al'ummar Roma: Mutanen Da Harshensu Ya Adana Musu Tarihi

Duk shekara idan na zo darasin dangantakar harsuna, nakan rubuta kalmomi shida a kan allo: pani, yag, kan, nak, rat, kalo. Daga nan sai in tambayi ɗalibai ko akwai wanda ya san harshen da suka fito. Kasancewar matasanmu sun tashi da kallon finafinan Indiya, ba a rasa wanda zai yi caraf ya ce, "Malam, ai wannan Indiyanci ne, pani ruwa ke nan, rat kuma dare." Nakan ce masa ya yi gaskiya a ma'ana, amma waɗannan kalmomi a bakin wata tsohuwa a ƙauyen Sulobakiya za ka ji su, ko a wata unguwa da ke bayan birnin Bukares, a tsakiyar Turai, wurin mutanen da kakanninsu suka bar Indiya shekara dubu ko fiye da suka wuce. Su ne al'ummar Roma, waɗanda Turawan Ingila suka daɗe suna kira Jifsi.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa sunan ba shi da alaƙa da birnin Rum na Italiya, ko ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ke can, ko ƙasar Romaniya, duk da cewa akwai su da yawa a cikinta. A harshensu, wato Romani, kalmar rom na nufin namiji ko miji, romni kuma mace ko matar aure, jam'in kuwa shi ne roma. Majalisar Turai ta ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 10 zuwa 12 a nahiyar, kusan miliyan 6 daga ciki a ƙasashen Tarayyar Turai. Ke nan sun fi al'ummar ƙasar Austiriya yawa, amma ba su da ƙasar kansu, ba su da soja, kuma har zuwa ƙarnin da ya wuce ba su da al'adar rubutu da harshensu.

Sunan da ba su raɗa wa kansu ba

Kalmar Jifsi ta samo asali ne daga kalmar Ingilishi mai nufin Bamisire, haka ma Gitano da ake kiran su a Sifen. Dalili kuwa shi ne, ayarin farko da suka shiga yammacin Turai a ƙarni na 15 sun riƙa cewa daga wani wuri mai suna Ƙaramar Masar suka fito. A Jamus ana ce musu Zigeuner, a ƙasashen gabashin Turai kuma Tsigan, sunayen da galibin masana ke dangantawa da wata kalmar Girkanci da aka laƙaba wa wata ɗariƙa ta daular Rumawa ta Gabas, mai ma'anar waɗanda ba a taɓawa. Duk waɗannan sunaye maƙwabta ne suka raɗa, kuma a harsuna da yawa sun koma zagi, har an ƙera fi'ilai daga jikinsu masu ma'anar cuta da zamba. Wannan ya sa da wakilansu suka yi babban taronsu na duniya na farko a kusa da Landan, a watan Afrilun 1971, suka zaɓi Roma ya zama sunan da zai haɗa su. A can suka amince da tuta mai shuɗi a sama da kore a ƙasa, da jar ƙafar keke a tsakiya, mai kama da wadda ke jikin tutar Indiya. Ranar 8 ga Afrilu ta zama ranar Roma ta duniya.

Sai dai ba kai ɗaya ba ne. Akwai Sinti a Jamus, da Manush a Faransa, da Kale a Sifen da Finlan, da Romanical a Ingila. Wasu rassan sunan sana'a suke amsawa: Kaldarash maƙeran tukwanen tagulla ne, Lobari dillalan dawaki, Ursari kuwa masu wasa da dabbar nan beyar. A Ingila har yau akwai masu alfahari da sunan Jifsi, suna ganin sun wanke shi da kansu.

Yadda harshe ya tona asali

Kusan shekara ɗari huɗu Turawa suna zaune da su ba su san daga inda suka fito ba, su kansu ma labarin ya ɓace musu. An ruwaito cewa a tsakiyar ƙarni na 18 wani ɗalibin tauhidin Kirista ɗan ƙasar Hungari mai suna István Vályi ya haɗu da wasu ɗalibai daga yankin Indiya a jami'ar Leiden da ke Holan, ya rubuta kalmomi daga bakinsu, da ya koma gida ya karanta wa Roma na yankinsu sai suka gane da yawa. A 1782 Bajamushe Johann Rüdiger ya kwatanta Romani da Hindustani a rubuce, ya nuna cewa dangi ne. August Pott ya fito da babban aikinsa a 1844 da 1845, Franz Miklosich kuma ya bi sawun karin harshen Romani daban-daban a shekarun 1870. A 2012 wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a mujallar Current Biology ya zo ya gaskata abin da masu nazarin harshe suka faɗa tun shekara ɗari biyu da talatin baya, wato Indiya ce tushe, ya kuma yi nuni da arewa maso yammacinta.

Dubi ƙidaya. Ɗan Roma zai ce yek, duy, trin, shtar, panj, Ba'indiye mai jin Hindi ya ce ek, do, tin, car, panc. Goma a Romani desh ce, a Hindi das. Amma bakwai da takwas da tara a Romani su ne efta, okhto, enya, waɗanda Girkanci ne tsantsa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin mu ma muna da gomiya biyu da gomiya uku kafin cuɗanya da Larabci ta kawo mana ashirin da talatin. Kalmar aro shaida ce ta zaman tare, kuma gwargwadon zurfin aron, gwargwadon daɗewar zaman.

Da wannan ma'auni masana suka zana hanyar da Roma suka bi. Daga Farisanci suka ɗauko bakht, wato sa'a, da zor, wato ƙarfi. Daga Armeniyanci suka ɗauko grast, doki, da bov, tanda, da pativ, mutunci. Aro mafi yawa daga Girkanci ne: drom hanya, foro gari, kokalo ƙashi, petalo takalmin ƙarfe na doki, karfin ƙusa. Kamar da ke tsakanin wannan ta ƙarshe da ƙarfe namu katari ne kawai, irin wanda nake jan kunnen ɗalibai a kansa. Girkanci ya shiga har cikin ƙirar kalma, abin da ke nuna zaman ƙarnoni a daular Rumawa ta Gabas, kuma kasancewar kalmomin ƙira da yawa na Girkanci ne ya sa ake ganin a can suka ƙware a sana'ar.

Lokacin barin Indiya shi ne inda ake da saɓani. Wasu na kafa hujja da ƙarancin kalmomin Larabci a tsohon rukunin Romani, suna cewa ai sun ratsa Farisa tun kafin Larabci ya cika Farisanci. Wasu kuma, irin su Ian Hancock, wanda shi kansa ɗan Roma ne da ya koyar a jami'ar Texas, suna cewa Romani jinsi biyu gare shi, namiji da tamata, kamar harsunan Indiya na baya-baya da suka zubar da jinsi na uku, don haka hijirar ba ta wuce wajajen shekara ta 1000 ba. A Gabas ta Tsakiya kuma akwai Dom, waɗanda Larabawa ke kira Nawar, masu harshen Domari, shi ma ɗan asalin Indiya, amma harshe ne mai zaman kansa.

Baƙo raɓa

A 1385 aka sami rubutu na farko da ya ambaci Roma a Walakiya, wani yanki na Romaniya ta yau, kuma a matsayin bayi ya ambace su: Yarima Dan na Ɗaya ya tabbatar wa wani gidan ibada kyautar iyalai 40. Daga nan aka ci gaba da saye da sayar da su a Walakiya da Moldabiya, a hannun sarakuna da masu gonaki da gidajen ibada, har sai 1855 da 1856 da aka soke bautar. Kusan shekara ɗari biyar ke nan, a cikin Turai, kuma da ƙyar za ka ga an ba wannan babi shafi guda a littattafan tarihin da aka koya mana.

A yammaci kuwa an fara karɓar su da mutunci a matsayin mahajjata. Sun isa biranen Jamus a 1417 ɗauke da takardun kariya, Sarkin Aragon ya ba wani shugabansu irin wannan takarda a 1425, a 1427 kuma suka bayyana a ƙofar Paris. Ba a jima ba raɓar ta bushe. A 1499 sarakunan Sifen suka umarce su da su zauna wuri ɗaya su nemi ubangida ko su fice. A 1530 Ingila ta yi dokar korar su, a 1554 aka ƙara da hukuncin kisa ga wanda ya ƙi fita. A ƙarshen watan Yulin 1749 aka yi musu kamun kazar kuku a faɗin Sifen, aka kama kimanin mutum 9,000, aka tura maza aikin ƙarfi a ma'aikatun jiragen ruwa, aka ware mata da yara daban. A daular Austiriya, Sarauniya Mariya Teresa ta hana su mallakar dawaki da kekuna, a 1773 ta hana su auren juna, ta ba da umarnin a karɓe 'ya'yansu a miƙa wa manoma. Ɗanta Yusuf na Biyu ya haramta magana da Romani, da bulala ga wanda ya saɓa.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Birane sun hana su zama, ƙungiyoyin masu sana'a sun hana su buɗe shago, doka ta hana su mallakar ƙasa, sannan aka juyo ana tuhumar su da cewa yawo a jininsu yake. Lallai akwai rassan da yawon ƙira da dillancin dawaki da aikin gona na kaka ya zame musu al'ada abin ƙauna, amma mafi yawan Roma, musamman a gabashin Turai, mazauna wuri ɗaya ne tun ƙarnoni, kuma haka abin yake a yau.

Kisan da aka yi jinkirin ambata

Da 'yan Nazi suka hau mulki a Jamus, sun tarar da rajistar 'yan sanda ta Roma da Sinti a shirye. An shigar da su cikin dokokin wariyar jini na Nuremberg na 1935. A 1936, gab da wasannin Olamfik, aka kwashe na birnin Balin aka zuba a sansanin Marzahn. Wani likita mai suna Robert Ritter ya jagoranci cibiyar da ta riƙa auna kawunansu tana tattara salsalarsu, kuma wasu ma'aikatanta sun koyi Romani don su sami amincewar mutanen da suke rubuta wa takardar mutuwa. A matsayina na mai nazarin harshe, wannan ne ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai. Ranar 16 ga Disamba 1942 Heinrich Himmler ya ba da umarnin kai su Auschwitz, inda aka tsare kimanin 23,000. A daren 2 ga Agusta 1944 aka hallaka waɗanda suka rage a sashensu, fiye da mutum 4,000, galibi mata da yara da tsofaffi. Ƙiyasin masana tarihi na waɗanda aka kashe a faɗin Turai ya kama daga 220,000 zuwa 500,000. Wasu Roma na kiran wannan bala'i Porajmos, wasu Samudaripen, wato kisan kowa da kowa.

Wani abin takaici shi ne abin da ya biyo baya. A 1956 babbar kotun Jamus ta Yamma ta yanke cewa matakan da aka ɗauka a kansu kafin 1943 na hana aikata laifi ne, don haka da yawa suka rasa diyya. Sai a 1982 Shugaban Gwamnati Helmut Schmidt ya amsa cewa kisan ƙare dangi ne saboda launin jini. Sai a 2012 aka buɗe wurin tunawa da su a Balin, a 2015 kuma Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta ware 2 ga Agusta don juyayinsu. Yawancin waɗanda suka tsira sun riga mu gidan gaskiya kafin nan.

Al'ada da abin da suka ba duniya

Abin da ya riƙe su tsawon wannan zamani shi ne abin da suke kira romanipen, wato ɗabi'ar zama ɗan Roma: girmama tsofaffi, riƙon zumunci, da ƙa'idojin tsarki masu tsauri. A gidajen da suka riƙe al'ada ba a haɗa wankin tufafin sama da na ƙasan jiki, ba a wanke kwanon abinci a inda aka wanke tufa. Abin mamaki, mutanen da ake yi wa gorin ƙazanta su ne ke ganin sakacin maƙwabtansu a wannan fanni. Wasu rassan suna da kris, zaman dattawa mai sasanta rigingimu, kuma hukuncinsa mafi tsanani shi ne a ƙaurace wa mutum. Ta fuskar addini sukan bi na ƙasar da suke: akwai Musulmi masu yawa a Turkiyya da Bulgariya da Kosobo da Masedoniya ta Arewa, akwai Kiristoci mabiya ɗariƙu daban-daban a sauran wurare.

A kiɗa kuwa ba a magana. Kiɗan filamenko na kudancin Sifen, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2010, ba zai tsayu ba in an cire hannun Kale. Django Reinhardt, wanda ya rasu a 1953, gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu, amma ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na ƙarnin. Mawaƙiya Papusza ta ƙasar Folan ta koya wa kanta karatu, ta rubuta waƙoƙi da Romani, amma da aka buga su a lokacin da gwamnati ke tilasta wa Roma zama wuri ɗaya, sai jama'arta suka zarge ta da tona asiri, suka ƙaurace mata. Lívia Járóka ta Hungari ta zama macen Roma ta farko a Majalisar Dokokin Tarayyar Turai a 2004.

Ya dace a bambanta su da Matafiyan Ailan, waɗanda ake yawan haɗa su a takardun hukuma a Birtaniya. Su 'yan asalin tsibirin Ailan ne, ba su da alaƙar jini da Indiya, suna da nasu harshen da ake kira Shelta. Abin da ya haɗa su da Roma shi ne rayuwar tafiya da ƙyamar da suke sha. Gwamnatin Ailan ta amince da su a matsayin ƙabila ranar 1 ga Maris 2017. Ɗan damben nan Tyson Fury daga cikinsu ya fito.

Halin da ake ciki

Binciken da hukumar kare haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai ta fitar a 2016, wanda ya shafi ƙasashe tara, ya nuna kashi 80 cikin ɗari na Roma suna ƙarƙashin ma'aunin haɗarin talauci, alhali a tsakanin sauran jama'a kashi 17 ne, kuma kusan ɗaya cikin uku na zaune a gidan da babu ruwan famfo. Wannan ya zo ne bayan shirin shekara goma na shigar da su cikin al'umma da gwamnatoci suka gudanar daga 2005 zuwa 2015. A Hungari, tsakanin 2008 da 2009, wasu 'yan bindiga sun riƙa kai hari gidajen Roma da dare, suka kashe mutum shida har da yaro ɗan shekara biyar. A 2010 gwamnatin Nicolas Sarkozy ta rushe sansanoninsu a Faransa ta mayar da ɗimbinsu Romaniya da Bulgariya. A 2021 Jamhuriyar Cek ta yi dokar biyan koruna 300,000 ga kowace macen da aka yi wa aikin hana haihuwa ba da yardarta ba tsakanin 1966 da 2012, kuma galibinsu Roma ne.

Maganar makaranta ita ce ta fi kusa da fannina. A 2007 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a ƙarar da yara 18 na garin Ostrava suka shigar a kan Jamhuriyar Cek. An nuna wa kotun cewa yiwuwar a tura ɗan Roma makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran yara sau 27. Yaro ya taso da harshen gida, an gwada shi da jarrabawar da aka tsara don 'ya'yan wata al'umma, ya kasa, sai aka rubuta cewa kansa ne da matsala. An bar jaki ana dukan taiki. Kotu ta ce wariya ce, amma matsalar ba ta kau daga yankin ba, domin a 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta kai Sulobakiya kotu a kan ware 'ya'yan Roma a makarantu.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. A wasu rassan akwai aurar da 'yan mata da wuri da cire su daga makaranta, akwai kuma gungun masu tura yara bara da yankan aljihu a manyan birane. Mata 'yan gwagwarmaya daga cikin Roma su ne kan gaba wajen yaƙar waɗannan abubuwa. Amma ɗaukar laifin ɗaiɗaiku a shafa wa mutum miliyan goma, shi ne ainihin tunanin da kotun 1956 ta yi aiki da shi, kuma mun ga inda irinsa ya kai.

Shi kansa harshen yana cikin wani hali. Ƙiyasin masana na masu magana da shi ya fara daga miliyan 3.5. A Sifen da Ingila, inda dokoki suka fi matsa masa, nahawun ya mutu, sai kalmomi da ake sakawa cikin jimlar Sifananci ko Ingilishi. A ɗaya hannun kuma, taron duniya na huɗu da aka yi a Folan a 1990 ya amince da tsarin rubutu na bai-ɗaya, duk da ba kowa ya karɓe shi ba, UNESCO ta amince da 5 ga Nuwamba a matsayin ranar harshen Romani a 2015, a ƙaramar hukumar Shuto Orizari da ke Masedoniya ta Arewa kuma harshen hukuma ne. Matasa suna rubuta shi a Facebook da WhatsApp, kowa da haruffan ƙasarsa, suna fahimtar juna daga Suwidin har Ajantina.

Ra'ayina shi ne, duk kuɗin da Turai za ta zuba a gina gidaje da shimfiɗa famfo, in ba a gyara ajin farko na firamare ba, aikin baban giwa ne. A ɗauki malamai daga cikin Roma, a fara wa yaro karatu da harshen da yake mafarki da shi kafin a ɗora masa na hukuma, a sa bautar Walakiya da daren 2 ga Agusta cikin manhajar tarihi don 'ya'yan maƙwabta su ma su sani. Mu kuma da muke karanta labarinsu daga nesa, mu kula da kalmomin da muke ara daga kafofin yaɗa labaran ƙetare, mu kira su da sunan da suka zaɓa wa kansu. Mutanen da aka hana ƙasa da takarda, amma suka riƙe kalmar ruwa da ta wuta tsawon shekara dubu, sun cancanci wannan ɗan mutunci, wanda su suke kira pativ.